Godiyar Tobiya ga Kawu Matiyu

Tobiya ya faɗo shagon buga takardu na Yelwa yana ɗaga wani littafi mai koren bango, bakinsa har kunne. Alisabatu, 'yar ƙanen babansa, tana kan tafireta.

"Ƙanwata, bar wannan ki ga abu! Mujallar sashenmu ce. Mu sittin ne a kimiyyar siyasa, aikina kaɗai lakcara ya zaɓa aka buga."

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta san aikin sarai. Bara da damina Tobiya ya zo bincike a kan yadda ake rabon takin zamani a wata ƙaramar hukuma, a ƙarƙashin kantoman da soja suka naɗa. Kowa ya gan shi da rikoda sai ya ja bakinsa. Ita ta kai shi wurin ƙanen mahaifiyarta, Kawu Matiyu, mai gadin siton takin, wanda saura shekara biyu ya yi ritaya. Tsohon ya ƙi. Sai da ta durƙusa ta ce masa da yarensu na Mumuye, "Kawu, sunanka ba zai fito ba, ni na ɗauka." Sannan ya faɗi motocin da ke kwasar taki da ƙauyukan da ake tsallakewa, ita kuma tana juya wa Tobiya da Hausa.

Turancinta na firamare ne, amma aiki ya koya mata bin layi. Ta bi da yatsa. Duk inda maganar Kawu ta fito an sa "mai bayani na uku". Ta sauke numfashi. Har za ta rufe sai idonta ya faɗa kan ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafin farko: marubuci na miƙa godiya ta musamman ga Mista Matiyu, mai gadin siton taki, wanda ya buɗe masa ido.

"Yaya Tobiya, mene ne wannan?"

"Godiya mana. Ƙa'idar ilimi ce. Wanda ya taimake ka dole ka ambace shi, in ba haka ba a ce maka butulu."

"Ka ce ba za ka sa sunansa ba."

"A cikin maganar ban sa ba! Duba, na uku na ce."

"Masu gadi nawa ne a siton?"

Ya kau da kai. Alisabatu, wadda ko kwastoma ya yi mata tsawa ba ta ɗaga kai, ta ɗaga murya.

"Ka rufe wa mutum fuska, ka rataya masa allo a wuya. Shekara huɗu a jami'a, abin da aka koya maka ke nan?"

"Kai, Alisabatu, kin cika tsoro. Wa ke karanta mujallar nan? Ko lakcarorin ma ajiye ta suke a kanta."

"Guda nawa aka ba ka?"

"Uku."

"Ina sauran?"

"Ɗaya na wurin Baba." Ya sosa ƙeya. "Ɗayar na kai wa sakataren ƙaramar hukumar shekaranjiya. In na gama bautar ƙasa ai wurinsu zan nemi aiki, gara su san ni."

Ta zare takardar da ke cikin tafireta, ta lulluɓe injin, ta ɗauki ɗankwalinta.

"Tashi mu je tasha. Da bakinka za ka faɗa masa."

"Yau? Ina da..."

"Ni na durƙusa, ba kai ba. Tashi!"

Suka hau mota. Shi kuwa sai lissafa mata yake cewa sakatare mutum ne mai yawan aiki, da wuya ya buɗe.

Rana tsaka suka isa. Ba su ma kai sito ba, don tun daga hanya ta hango Kawu Matiyu zaune a ƙofar gida da singileti, yana gyaran ƙotar fartanya, a lokacin da ya kamata yana bakin aiki.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba.

"Jiya an kira ni ofis," ya ce da Hausarsa. "An nuna mini littafi. Ni ban iya karatu, amma na san sunana. An karɓi makulli."

Tobiya ya matso. "Baba, wallahi girmamawa ce na yi. Zan rubuta wa editan, a fitowa ta gaba a gyara."

"Yaushe ke nan?" in ji Alisabatu.

"Sau ɗaya take fita a shekara."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ga Alisabatu ya koma Mumuye.

"Wannan ban san shi ba. Ke na sani."

Tobiya ya taɓa kafaɗarta. "Me ya ce?"

Ta ture hannunsa. Wannan karon ba ta juya masa maganar da Hausa ba.