Kusurwar Casilda

Don Eleuterio bai iya karatu ba, kuma duk garin Moca matarsa Casilda kaɗai ta san haka. Ta rasu ba ta faɗa wa kowa ba.

Duk abin da ke fuskar kwamfutarsa, da wurin da yake zaune yake gane shi, kamar kayan shagonsa. Hotunan zakarunsa na faɗa suna hagu. Can kusurwar dama ta sama muryar Casilda da aka ɗauka take, tana masa faɗa don ya cika wa wake gishiri. Kullum da ita yake shan gahawa.

Ranar Lahadi 'yarsa Miguelina ta zo daga birni.

"Haba Baba, wannan kwamfuta ce ko juji?"

Kafin ya fito wanka ta share fuskar tas, ta zuba komai cikin folda-folda masu kama ɗaya.

"Ga suna jikin kowace, karantawa kawai za ka yi. Ko in nuna maka?"

"Ni za ki koya wa? Tashi, kar mota ta bar ki."

Washegari ya zauna yana kallon kusurwar nan wayam, har gahawar ta huce. Bai kira Miguelina ba.