Maganin da Ba Ya Sa Ihu

Shekara guda cur Sha'ibu ya yi zaune yana kallon bango. Mutumin da a da ake jin muryarsa tun daga bakin kasuwar Dakoro yana cinikin gero, sai ga shi ko sallama ba ya amsawa. Matarsa Aziza ta yi rubutu, ta yi hayaƙi, ta yi ƙwayoyi har ta gaji. Daga ƙarshe wani likita a Yamai ya ce ciwon damuwa ne, ya ba su aron wata 'yar na'ura mai batir: wayoyi biyu da soso biyu. A jiƙa soson da ruwan gishiri, a ɗaura a goshi, rabin awa kowace safiya. Wutar da take turawa cikin kai kaɗan ce, kamar tafiyar kiyashi a fata. Likitan ya ja kunnenta cewa kada a ƙara, kada a rage.

Ran kwana na sha biyu Sha'ibu ya buɗe baki ya nemi shayi da kansa. Aziza ta shige madafa ta yi kukan murna, ta fara sa ran mijinta zai dawo mata.

A satin ne mahaifinsa, Baba Amani, ya sauka daga Azagor. Tsoho ne mai son ɗansa, kuma duk arewa an san shi da lalas. Raƙumi ya yi ɗingishi, ko mutum ya kwana da ciwon kai, sai ya sa ƙarfe a wuta ya ɗana inda ciwon yake. Shi a wurinsa maganin da bai sa ka ihu ba wasan yara ne. Ya tsuguna yana kallon Aziza tana ɗaura soso, ya jira, ya jira, bai ga ko gumi ba.

"Shina jin zahi?" ya tambaye ta.

"A'a Baba, ɗan ƙaiƙayi dai."

"Ƙaiƙayi! Ɗiyata, ciwon da ya kada ƙato kamar wanga, ƙaiƙayi za ya hidda shi? Wutar ta yi kaɗan."

Aziza ta sunkuyar da kai. Suruki ne, ba a musu da shi. Amma ta lura da yadda yake jujjuya wayoyin yana auna su da ido.

Ranar kasuwa gishirinta ya ƙare, ta fita da hantsi ta sayo. Da ta dawo ta tarar da na'urar a yashe a tsakar gida, an yanke mata wayoyi da wuƙa. Ta watsar da kayan hannunta ta ruga ɗaki.

Sha'ibu na zaune a tabarma, soson biyu a goshinsa suna ɗigar ruwa, an tamke su da rawani. Bakin wayoyin an fere su tsirara, an cusa su cikin ramin wutar da ke jikin bango. Baba Amani na gefe riƙe da tasbaha, hankalinsa kwance.

"An ɗauke kuran," in ji shi, yana nufin wutar lantarki. "Muna jira shi dawo. Wutar gari ta hi ƙarhi, sau guda ta isa."

Kunya ta bar Aziza. "Baba, kashe shi za ta yi! Wallahi kashe shi za ta yi!"

Ta tsallake ƙafafun tsohon ta kai hannu bango. Kafin ta taɓa wayar, Sha'ibu ya cafke wuyan hannunta. Rabonta da jin irin wannan ƙarfi a jikinsa tun yana lafiya. Ta ja, ya ƙi saki.

Ya ɗago ya dube ta ido cikin ido, murya a kwance. "Na san mi za ta yi, Aziza. Bar ta."

Can bayan katanga, injin niƙan unguwa, mai aiki da wutar gari, ya yi tari sau ɗaya, ya fara tashi.