Gicciyen Kaleb

Wani dare cikin rani na ji ruwan sama yana zuba a ɗaki ɗaya tak. Na fito tsakar gida na ɗaga kai, taurari fal. Amma ƙarar tana nan, shaa, kamar ruwa a kan kwano, ta tsaya, ta sake farawa. Daga ɗakin Lai'atu take fitowa, gwauruwar da ke haya kusa da ni a Kafanchan. Na koma na kwanta da murna, don rabona da abin mamaki tun wata kaza mai cara da na gani a Kwoi.

Da safe ta nuna mini wayarta. Ashe tafi ne. Mutane cike da wani zaure a ƙasar waje suna tafa wa Dakta Caroline, malamar jami'ar da ta zo wajenmu shekarun baya tana ɗaukar maganar waɗanda aka kora daga ƙauyukansu. Ta rubuta littafi, ƙungiyar masana zaman jama'a ta ba ta lambar yabo kan haƙƙin ɗan Adam. Matar fasto ce ta tura wa zumuntar matan majami'armu bidiyon.

Ba tafin ne Lai'atu take saurare ba. Kafin a tafa, Dakta ta karanta maganar wani mutum da Hausa, yadda ya faɗa. Ta kira shi Ayuba. Lai'atu ta ce ba wani Ayuba, Boaz ne, mijinta, don shi kaɗai ke rufe kowace magana da "ka gane ko."

Daren da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu a bayan Godogodo, ita ta gudu gabas, Boaz ya goya ɗansu Kaleb da harsashi a cikin yaron, ya faɗa daji. Yaron ya mutu a bayansa. Ya binne shi shi kaɗai. Duk sanda ta tambaye shi wurin, sai ya ce bari hanya ta yi kyau, zai kai ta. Hawan jini ya kashe shi bara, hanya ba ta yi kyau ba. Amma ya taɓa wuni da Dakta a bayan majami'a, ƙaramar na'urarta ta ɗaukar murya a tsakaninsu. A cikin abin da ta karanta ya ce ya sa yaron a gindin ɗorawa, bakin rafi, ya jera duwatsu.

Lai'atu ta ce idan ya faɗi itacen, to ya faɗi sunan rafin. A makon nan ta sa Dogara kafinta, maƙwabcinmu, ya yi gicciye da katako mai kyau, aka rubuta sunan Kaleb da farin fenti. Dogara yana aiki yana tsokanata, wai ni da na ji ruwan sama a ɗaki, in zo in gaya masa ko katakon yana magana.

Da Dakta ta dawo ƙasar, ta zo majami'armu yin godiya. Ta kawo lambar, wani gilashi mai kamar harshen wuta. Na roƙa ta ba ni na riƙe. Da na leƙa ta ciki sai na ga jama'a duka kansu a ƙasa, har da fasto. Bayan sujada ta biyo mu gida da kanta, ta zauna a kan benci, ta gaida Lai'atu da mutuwa kamar 'yar gida.

"Dakta, ba na son komi," in ji Lai'atu. "Ki kunna mini wurin da ya faɗi rafin."

Dakta ta ce ta yi wa kowa alkawari ba wanda zai gane shi, don kada a biyo shi a kashe. Dokar aikinsu ce. Ta canja sunaye, ta canja ƙauyuka, da littafin ya fito ta goge muryoyin duka. Har masu ba da lambar sun yaba mata a kan wannan.

"To ki tuna, 'yata. Kin zauna da shi har yamma."

"Mama, mutanen suna da yawa. Iyaye da yawa sun binne yara a bakin rafi."

"Amma ɗorawa ce."

Dakta ta share ido da bayan hannu. Ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, wani lokaci har itace takan canja. Mai yiwuwa ɗorawa ce. Mai yiwuwa kanya ce, ko mangwaro.

Lai'atu ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta kawo wa baƙuwar kunu, ta ce ta sha, hanya da nisa. Ni kuwa na zauna ina tuna rafukan bayan Godogodo, waɗanda na sani da waɗanda ba su da suna, kowanne da itatuwa a baki biyu.

Muna nan zaune Dogara ya shigo da gicciyen a kafaɗa, fentin ya bushe. Bai ji abin da aka faɗa ba. Ya gaida Dakta, ya taya ta murna, ya jingina shi da bango a hankali.

"To maman Kaleb, wane rafi za mu kai shi?"