Hoton da Aka Ɗauka Ido Rufe

Tauraruwa mai wutsiyar da ta tayar da hankalin Randagi a bazarar 1971 ba wanda ya taɓa ganinta a sama. A hoto kaɗai take.

Hedimasta Abarshi ne ya ɗauko ta, da wata tsohuwar kyamara da ya ɗaura a bakin madubin hangen taurarin makarantarmu ta Birnin Gwari. Bakoji mai hoto ya wanke masa a kasuwa, sai ga wani farin zane mai jela a gefen takardar. Kafin mako ya zagayo hoton ya bi hannun 'yan kasuwa har ƙauyenmu Randagi, tsofaffi suka ce alamar fari ce. Kawuna Maiturare ya ce bana ba zai zuba hatsinsa a busasshiyar ƙasa ba. Za a sauke irin dawar da ke rataye cikin hayaƙin madafa a cinye, shi kuma ya tafi ci-rani.

Ni nake koyar da kimiyya a makarantar, abin kuwa ya ƙona mini rai. Na lura a duk hotunan da hedimasta ya ɗauka zanen ba ya barin kusurwa ɗaya, duk inda aka juya madubin. Na ari kyamarar, na rufe idonta da murfi, na danna a fili da rana tsaka. Da Bakoji ya wanke, takardar ta fito baƙa ƙirin, amma ga wutsiyar nan daram a wurinta. Wata 'yar tsaga ce a jikin kyamarar take shigar da haske. Na liƙe ta da baƙin ƙyalle da ƙaro, na sake ɗauka, ba komai.

Hedimasta ya juya hotunan, ya yi hamma, ya ce mutane sun riga sun gani, in ya janye yanzu wa zai sake kawo ɗansa makaranta? Na bar shi yana fifita da su, sai da na koma na karɓe.

Na hau babur zuwa Randagi, hanyar daji duk yashi. Na tarar Asibi, matar kawu, ta sauke zangarniyar tana sussuka. Na zauna na yi wa kawu bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya riƙe baƙin hoton nesa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"Ka ce idon kyamarar a rufe yake, ɗana?"

"A rufe ruf, Kawu."

"Kuma ta fito." Ya miƙo mini takardar a hankali. "To ai abin ya fi yadda muke zato."

Na nuna masa ɗayan, wanda ba komai a ciki. Ya ce wannan ai duhu ne kawai, ko shi yana iya ganinsa in ya shiga rumbu.

Asibi ba ta ɗago kai ba. Ta juye tsabar a turmi, ta yayyafa ruwa, ta fara surfe.