Maƙalan Bambar Kawu

Da igiyar shanya aka ɗaure bambar bayan motar Kawu ranar da ya shigo da ita harabar shagon 'yar yayarsa. Ita sana'arta yin ƙafar roba ga waɗanda aka yanke wa ƙafa, har mutane suka laƙaba mata Mai Ƙafa. Shi kuwa Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ƙafar hagun da ya sauko da ita daga motar ma aikin hannunta ce, tun bara da ciwon suga ya sa aka yanke ta asalin.

Sai da ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar kowa har da kyanwar shagon, sannan ya zo ga maganar. Baya yake yi zai fita daga gida, motar ta zabura ta daki ginshiƙin ƙofa. Bambar ba ta fashe ba, amma maƙalan roba biyu da ke riƙe ta a jikin motar sun lalace. Mai gyaran jikin mota ya zagaye kasuwa bai samu irinsu ba, ya ce motar ta tsufa, an daina kawo kayanta. Ya so ya huda bambar ya ɗaure ta da noti, Kawu ya ce ba a huda masa mota yana da rai.

Abin da ya fi damunsa shi ne babban ɗansa, wanda tun da aka yi aikin ƙafar yake neman dalilin karɓe makulli. Yanzu ga dalili yana lilo a bayan mota.

"Uwata, so nake a gyara kafin ya gani."

"Gyara kam zan yi, Kawu," in ji ta. "Ɓoyewa ce ba na ciki."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya zaro hankici daga aljihu ya kwance, sai ga gutsattsarin maƙalin dama, ya tsince su tas daga ƙasa.

Ta shimfiɗa kwali ta kwanta a ƙarƙashin motar, ta kwanto na hagun. Ya tsage, amma siffarsa na nan: tsawonsa kamar tafin hannu, da ramukan noti, da ɗan harshe mai lanƙwasa wanda ke shiga bambar ya kama. Ta juya shi a hannu, ta lanƙwasa harshen da babban yatsa, ta ce wannan ai bai kai diddige wuya ba.

Ta liƙe tsagar da gam, ta dama farin filasta irin wanda take ɗaukar siffar dungulmin ƙafa da shi, ta fitar da zubi. Na dama ba shi da abin kwafa, sai ta zana na hagun a kwali, ta yanke, ta kifa shi. Da wannan ta sassaƙa zubi na biyu da wuƙa, tana gwada gutsattsarin hankicin a kai ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya tambaya ko ba za su fito hagu biyu ba. Ta ce da tana irin wannan kuskuren, da shi ne zai fara sani.

A bayan shagon akwai buhun ragowar roba, yankakkun gefe da ba su isa ƙafa ba. Ta zaɓi mai kauri ta sa a tanda har ta yi laushi tana sheƙi, ta ɗauko da safar hannu ta shimfiɗa a kan zubin, ta danna ta shiga kowane lungu. Da ta huce ta yanke, ta goge da magagari, ta huda ramuka. Warin roba ya cika ɗakin, farin gari ya rufe mata gira.

Mai gyaran jikin mota ya zo ɗaurawa da yamma. Ya ɗaure maƙalan, ya ɗaga bambar ya tura da gwiwa. Harshen na dama ya ƙi shiga, mai gyaran ya ƙara ƙarfi, harshen ya karye. Kawu ya kawar da kai. Mai Ƙafa ta karɓi guntun ta duba bakin karayar a haske, ta ce ta gane: ta yi harshen da kauri har ya kasa lanƙwasawa, gindinsa kuma ta yanke shi da kusurwa mai kaifi, nan ne ya samu hanya. Ta ce su dawo gobe.

Washegari ta sake duka biyun, harshe siriri, gindi mai kauri da lanƙwasa. Mai gyaran ya tura, sai ƙas a hagu, ƙas a dama. Ya jijjiga bambar da hannu biyu har motar ta yi rawa, amma bambar ba ta motsa ba. Ya tambaya ko za ta yi masa wasu, don akwai irin wannan motar da ke kwana a wurinsa. Ta ce ya kawo samfur, amma masu ƙafa ne a gaba.

Kawu ya buɗe ƙofa zai shiga, ta ce ya dakata, aiki bai ƙare ba. Ta sa ya zauna ya taka kuloci, ita tana tsugune tana kallo. A taku na farko ta gani. Ya canza takalmi, ya sa wani sabo mai tudun dunduniya da santsin ƙasa, alhali ƙafar an saita ta ne da wancan tsohon. Tafin ya karkata, yana zamewa daga kan kulocin. Ta ɗauko ɗan makullinta ta juya notin idon sawun, ta goge ƙasan takalmin da magagari, ta ce ya sake takawa. Wannan karon ƙafar ta zauna daram.

Suna cikin haka babban ɗan ya shigo, don ita ta kira shi tun da safe. Kawu ya harare ta. Ɗan ya zagaya bayan motar ya ga bamba lafiya lau, ya ce wato Mai Ƙafa yanzu har motoci take yi wa dashe. Ta ce in ya ci gaba da surutu shi ma za ta auna bakinsa. Daga nan ta gaya masa komai, ginshiƙin da takalmin da abin da ta gyara, ba ta rage ba.

Fuskarsa ta canza. Ya ce yau ginshiƙi ne, gobe fa?

"Yaya, ni ba zan ce maka ka yarda ba," in ji ta. "Shiga ka zauna kusa da shi, ka gani da idonka."

Ƙofar harabar shagon ta fi ta gidan Kawu ƙunci. Kawu ya gyara madubi, ya sa giyar baya, ya saki kulocin a hankali. Motar ta sulale ta fita titi ba ta taɓa komai ba, ya juya ya sake shigowa da baya, ya tsaya daidai inda ya tashi.

Ɗan ya juya ya dubi mahaifinsa. Can ya ce makulli na Baba ne, amma zai riƙa raka shi na ɗan lokaci, tafiyar nesa kuwa shi zai ja. Kawu ya ce rakiya ba laifi, in dai mai rakiyar ba zai taɓa masa rediyo ba.

Suka tafi tare. Mai Ƙafa ta wanke hannu ta koma ciki, inda wata malamar makaranta ke zaune tana jiran a gwada mata sabuwar ƙafa.