Awa Ɗari Biyu Kafin Ta Nuna

Preben Skovgaard ya shekara talatin da ɗaya yana gyaran injinan sanyaya kifi a tashar jiragen ruwa ta Esbjerg, kuma babu injin da ya taɓa ba shi tsoro. Abin da ya zo ya ba shi tsoro faifan CD ne guda ɗaya tak, wanda 'yarsa Solvej ta ajiye masa kusa da faranti ran wata Lahadi, suna cin baƙin burodi da kifin gishiri.

"Abin da na kaɗa a jarrabawar shiga ne," in ji ta. "Ba su bar iyaye sun shiga ba, shi ya sa na sa aka zuba maka a faifai. Ka saurara kafin in tafi, ka gaya mini gaskiya."

Solvej celo take kaɗawa, babban gogen nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Makarantar kiɗa ta Kopenhagen ta ɗauke ta, saura mata kwana goma sha uku ta hau jirgin ƙasa. Preben ya karɓi faifan da hannu biyu, ya ce ba komai, zai saurara.

To amma da komai. Tun tana 'yar shekara takwas yake kai ta darasi, ya zauna a mota yana jiranta. Ya saya mata tsirkiya, ya ɗauki akwatin celon a bayansa har ya saba da nauyinsa. Bai taɓa zama shi kaɗai ya saurari kiɗan ba. Karatunsa a makarantar koyon sana'a ya tsaya, ga kunnensa na hagu da ƙarar injuna ta bar wa wani ɗan kuka kamar na sauro. Tsoronsa ɗaya ne: ya sa faifan, ya saurara har ƙarshe, bai ji komai a ransa ba. Yarinyar nan kuwa tun tana rarrafe take karanta fuskarsa.

Ran Litinin ya kai kukansa wajen Flemming Dahl, maƙwabcinsa, tsohon ma'aikacin gidan waya wanda ya mai da falonsa ɗakin sauraro, da kujera ɗaya tilo a tsakiya, wadda ko matarsa ba ta zama a kai.

"A me za ka sa shi?" in ji Flemming.

"A 'yar rediyon nan ta kicin. Tana cin faifai."

Flemming ya dafe ƙirji. "Mutumina, 'yar cikinka ta yi shekara goma sha ɗaya tana wahala, ka ɗauki kiɗanta ka zuba a gwangwanin madara? Ba za ka ji komai ba. Sannan ka ce laifinta ne."

Maganar nan ta shiga Preben kamar ruwan sanyi. Ashe in bai ji komai ba, laifin na'ura ne.

Flemming ya buɗe masa wani zaure a intanet inda masu wata na'urar juya faifai mai suna Marholt 40 suke baje ra'ayinsu. Na'ura ce ta tsaka-tsaki, ba ta attajirai ba, ba kuma ta wasan yara ba, kuɗinta kurona dubu tara. Preben ya sa tabarau ya yi ta karatu har kofinsa ya huce. Wani daga garin Aarhus ya ce ranar da ya jona ta sai ya ji kamar an yaye labule tsakaninsa da makaɗan. Wani ya ce sautinta yana da ɗumi, wani ya ce a'a, sanyi gare ta amma mai gaskiya ce. Wani likitan haƙori ya rantse yana jin tsayin rufin ɗakin da aka yi kiɗan. Akwai kuma wanda ya ba ta makin tauraro biyu kacal cikin biyar don matarsa ta ce ba ta ji bambanci ba, sauran suka taru suka ba shi shawara a kan matar.

Abu ɗaya ne duk suka haɗu a kansa. Sabuwar Marholt ɗanya ce. Sai an bar ta tana juyawa awa ɗari biyu ba tsayawa kafin ta nuna. Wanda ya sa kiɗan tsirkiya kafin nan, zarto zai ji yana cin katako.

Preben ya sayi na'urar, ta iso ran Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma. Flemming ya zo da faifan da ake gasa sabuwar na'ura da shi, wanda ba komai a ciki sai shuuu, kamar rediyon da ya rasa tasha. Suka ɗora ta a kan wasu ƙafafun roba uku, suka kunna. Preben ya ɗauko fensirin kafinta ya yi lissafi a bayan kwali. Awa ɗari biyu za su cika ran Asabar ta sama da sha biyun dare. Jirgin Solvej kuwa ƙarfe biyu na ranar zai tashi.

"Awa goma ce ta rage," in ji shi.

"To sai ka saurara bayan ta tafi, ka buga mata waya," in ji Flemming. "Ai sun ƙirƙiro waya, na ji labari."

Shawarar nan ta yi wa Preben daɗi. A waya ba a ganin fuska.

Haka gidan ya shiga shuuu. Da shi ake tashi, da shi ake cin abinci. Bodil, matar Preben, wadda take aikin jinya, ta ce ko a asibiti in na'ura ta yi irin wannan kuka ana kiran mai gyara.

"Ni ne mai gyaran," in ji Preben.

"To kai wa za a kira maka?"

Ran Talata ya dawo daga aiki ya tarar da shiru a falo. Bodil ta cire wayar na'urar ta jona injin shara. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa a hannu kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Minti nawa?"

"Me?"

"Minti nawa ta yi a kashe, Bodil?"

"Ashirin, ko talatin. Ban sa mata agogo ba. Preben, akwati ne. Ba ƙwai take kwanci ba."

Ya rubuta tambayarsa ta farko a zauren da yatsa ɗaya. Kafin a gama jita-jitar kwanuka amsa goma sha bakwai ta shigo. Mutumin Aarhus ya ce minti talatin ba komai, ya ƙara su a ƙarshe. Likitan haƙori ya ce ina, da zarar ta huce sai a koma daga farko. Wani sabon shiga ya ce duk zancen gasawar nan tatsuniya ce, kunnen mutum ne yake sabawa, aka yi masa caa har ya goge maganarsa. Preben ya daɗe yana kallon shawarar likitan haƙori, ta burge shi ƙwarai, don za ta ƙara nesanta ranar sauraron. Daga ƙarshe kunya ta sa ya bi ta mutumin Aarhus.

Duk kwanakin nan Solvej shirin tafiya take yi. Tana ɗaure littattafai a kwali, tana wucewa ta gaban kantar da faifanta yake kwance, ta kalle shi, ta wuce. Ran Alhamis da yamma ta same shi a kicin yana fere dankali.

"Baba, ka saurara?"

Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. "Na saurara. A wajen Flemming."

Ta ja kujera ta zauna, idonta ya yi haske. "To?"

Preben ya kalli dankalin. Kalmomin da ya kwana biyu yana haɗiya suka fito da kansu. "Sautin yana da faɗi. Ƙasan yana da nauyi, amma bai yi laka ba. Saman kuma da haske, ba ya sukar kunne. Kamar... kamar an yaye labule."

"Labule," in ji ta.

"E. Har tsayin rufin ɗakin ana ji."

"Wanne ka fi so a ciki?"

"Na ukun."

Ta daɗe tana kallonsa. Daga falo shuuu yana shigowa.

"Guda biyu ne a ciki, Baba."

Ta tashi ta mai da kujerar inda take, a hankali, ba ƙara. Da ta buga ƙofa da ya fi masa sauƙi. Ya ci gaba da fere dankalin nan ɗaya har ya koma kamar ƙwan tattabara.

Bodil ta shigo ta karɓe wuƙar. "Ta ɗauka ba ka damu ba ne, ka sani ko?"

"Na kashe kurona dubu tara!"

"A kan akwati. Ita kuma minti goma sha huɗu ta roƙe ka."

"In na saurara ban ji komai ba fa?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ban san abin nan ba, Bodil. In inji ya yi kuka na san abin da ke damunsa. Wannan kuwa, me zan ce mata?"

"Ita za ka gaya wa haka, ba ni ba."

Bai gaya mata ba. Ran Juma'a ya yi aikin ƙarin lokaci da ba wanda ya sa shi.

Ran Asabar ruwa ake yi tun safe. Bodil ta rungume 'yarta a bakin ƙofa ta wuce asibiti, don ita ce da aikin rana. Preben ya loda kwalaye a motar aiki, ya kwantar da celon a kan bargo ya ɗaure da igiya biyu, ya sake dubawa, ya ƙara ta uku. Da ya leƙa falo ya ga faifan ba ya inda yake ajiye. Solvej ta ɗauke abinta. Na'urar tana nan tana shuuu, awa ɗari da tamanin da tara.

Suka fita unguwa. A danjar farko Solvej ta buɗe jakarta, ta fito da faifan, ta tura shi cikin rediyon motar.

"Kai, a'a!" in ji Preben. "Ba a nan ba. Lasifikar ƙofar nan ta fashe tun bara. Ga ƙarar inji, ga ruwa..."

"Baba, tuƙi kawai za ka yi. Ba sai ka ce komai ba. Ni dai ina so in san ya shiga kunnenka, ko da guda ɗayan ne."

Danja ta ba da hannu. Na baya ya yi masa oda.

Da farko ba abin da ya fito sai shiru, da kaiwa da komowar abin share gilashi. Sai ya ji wani ɗan sauti, gajere, kamar an ja iska ta hanci da sauri. Sannan celon ya shigo, can ƙasa, lasifikar ƙofa tana rawa tana zuzz a duk inda kiɗan ya yi nauyi.

Preben ya kai hannu ya mai da faifan farko.

"Me kake yi?"

"Tsaya."

Shirun ya sake zuwa, da ɗan jan iskar nan.

"Ke ce wannan," in ji shi.

"Duk ni ce, Baba."

"A'a, wannan ɗin. Numfashin. Haka kike yi tun kina ƙarama. In za ki faɗa ruwa a wurin iyo, sai ki tsaya a baki, ki ja iska haka, kafaɗunki su ɗaga. Ran da aka cire miki ƙafafun koyo a keke ma haka kika yi. Ina jin sa nake sanin tsoro kike ji, kuma za ki yi ɗin."

Solvej ta juya tana kallon taga. "Malamina ya ce in daina. Wai aibi ne, na'urar ɗauka tana kama shi."

"Malaminki ya sha ruwa."

Dariya ta kubce mata, da hawaye a ciki. Ya bar faifan ya ci gaba. Faɗin sauti bai ji ba, rufin ɗaki ma bai ji ba. Ya dai ji ta sake jan iskar a tsakiya, kafin wani wuri mai gudu, sai ya tsinci kansa ya damƙe sitiyari yana jira ya ga ko za ta haye. Ta haye. Shi kuwa ya wuce kwanar tasha, sai da suka zagayo ta bayan kasuwa.

A gaban tasha ya tsaya a wurin ajiye fasinja. Ya danna maɓalli don ya ba ta faifanta. Rediyon ya yi ƙurr, ya yi shiru. Ya sake dannawa, ya doke shi da tafin hannu. Faifai ya ce ba inda za shi.

"Ya haɗiye," in ji Preben.

"Bar shi nan. Ai naka ne." Ta goge ido da bayan hannu. "Ka rubuta musu a zauren naku. Tauraro nawa za ka ba motar?"

"Kar ki gaya wa Flemming."

"Shi zan fara bugo wa."

Ya ɗaukar mata celon har cikin jirgi, ya sa shi a kujerar da aka yankar masa tikiti, ya tambaye ta sau uku ko ta ɗauki cajar waya. Da jirgin ya ja, ya tsaya har ya daina ganin fitilar bayansa.

Ya koma mota ya zauna, rigarsa sharkaf. Ya murɗa makulli, faifan ya koma farko da kansa. Bai sa giya ba. Ya saurari na farko, ya saurari na biyu, suka ƙare, suka sake somawa.

Ana cikin haka wata ma'aikaciyar kula da ajiye motoci, cikin rigar ruwa ruwan ɗorawa, ta ƙwanƙwasa masa gilashi. Ya sauke kaɗan.

"Malam, nan wurin minti goma sha biyar ne. Ka kusa awa."

Preben ya ɗaga mata yatsa ɗaya, ya karkata kunnensa na dama wajen rediyon.

"Yi haƙuri, ɗan dakata," in ji shi. "Yanzu za ta ja numfashi."