Fuskar Yefim

"Mama, Baba ya fi son dokin nan ne a kanmu? Kullum yana kansa, ya ƙi saukowa."

Glasha ce ta tambaya, 'yata mai shekara huɗu, tana nuna zanen da ke jikin bango. Maza uku ne a kan dawaki, za su rafi bayan yankan ciyawa. Na tsakiya, wanda ya waiwayo yana dariya, shi ne mijina Yefim. Wani mai zane daga birni da ya kwana biyu a gidanmu ne ya yi shi a kwali ya bar mana. Da kaka aka ɗebi Yefim soja, Glasha tana goye. Ba ta san masa wata fuska ba sai wannan.

"Zai sauko," na ce. "Sha miyar kabejinki."

Sai da na duba sosai na ga hayaƙin murhu ya fara cinye zanen. Hunturu uku ke nan, hularsa ta kusa haɗewa da daji.

Ranar Alhamis kafin Ista kowane gida ake wankewa, daga rufi har benci, har hotunan waliyyai. Surukata Agrafena tana kwance a saman babban murhunmu na bulo, inda tsofaffi ke kwana don ɗumi, tana ba da umarni.

"Ustinya, waliyyai sun yi wanka, ɗana ne zai shiga idi da kunkunniya?"

"Inna, ina tsoron taɓa shi."

"Da yana nan ai da ƙarfi kike dirje masa baya. Yanzu ne kunya ta zo?"

Na tsoma tsumma a ruwan toka, na matse, na shafa sau ɗaya a hankali, yadda nake yi wa waliyyai. Su fentinsu a katako yake, da mai a kai. Nasa ya biyo tsumman. Doki yana nan, riga tana nan, fuska ta zama tabo ruwan ƙasa.

Inna ta juya ta fuskanci bango.

Glasha ta shigo daga waje, ta daɗe tana kallo.

"Ya juya ne?"

"E, ya juya."

Yanzu kullum kafin ta ci abinci nake faɗa mata kamanninsa: hanci karkatacce, wushirya, gira mai kauri. Jiya na rasa wane kunci ne ke da tabon lauje, kuma ban iya tambayar Inna ba.

Idan kuna da fuskar wani a takarda, ku nisanta ta da murhu. In ta yi baƙi, ku bar ta da baƙinta. Kada ku sa mata ruwa.